Shin gubar nukiliya daga nesa tana kama bishiyoyin fayin, kuma katakonsu na da haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni kafinta ne, kuma yawancin katakon da nake aiki da shi na fayin ne da ake sarowa daga ƙasashen sanyi. Kwanaki na ji ana cewa tun fashewar tashar nukiliya ta Cernobil, dazuzzukan Turai har da waɗanda ke nesa ƙwarai da wurin sun sha guba, wai har yau tana jikin bishiyoyin. Maganar ta tsaya min a rai. Ta yaya abin da ya faru a wata ƙasa zai kama bishiyar da ke nisan kilomita dubu? Kuma duk tsawon shekarun nan ashe bai gushe ba? Gadon da na haɗa da wannan katako, ko guntayen da nake ƙonawa, za su iya cutar da mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai rabinsa aka ba ka. Burbushin nukiliya daga Cernobil ya sauka a dazuzzukan da ke nisan fiye da kilomita 1,000, kuma wani ɓangarensa yana nan har yanzu. Amma a duk jikin bishiyar, katakon da ke hannunka shi ne ya fi ƙarancin wannan guba, don haka gadon da ka haɗa kada ya hana ka barci. Inda nake so ka sa ido shi ne tokar guntayen da kake ƙonawa. Zan zo kanta, amma bari mu ɗauko maganar daga tushe.

Da tsakar daren 26 ga Afrilu, 1986, tukunya ta huɗu (wato injin da makamashin nukiliya ke aiki a cikinsa) ta tashar Cernobil da ke arewacin Yukiren, a lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet, ta fashe, wuta ta kama cikinta ta yi kusan kwana goma tana ci. Zafin wutar ne ya cilla hayaƙi da ƙura sama sosai, iska kuma ta kwashe su. Kwana biyu bayan haka, da safiyar 28 ga wata, na'urar bincike a tashar nukiliya ta Forsmark da ke Suwidin ta yi ƙara a kan wani ma'aikaci da ya zo wucewa. Da farko sun zaci tasharsu ce ke yoyo. Da aka bincika sai aka gane ƙurar daga waje ya tako ta da takalminsa, kuma daga nisan kusan kilomita 1,100 ta taso. Ta haka duniya ta fara jin labari, kafin hukumomin Sobiyet su ce uffan.

A cikin kwanaki goman nan iska ta yi ta sauya hanya. Ta fara nufar Finlan da Suwidin da Norwe, daga baya ta karkata zuwa Folan da Ostiriya da kudancin Jamus, har ta kai Birtaniya da Girka. Sai dai wucewar gajimaren kaɗai ba ta cika barin komai a ƙasa ba. Ruwan sama ne ke sauko da gubar. Duk inda aka yi ruwa a daidai lokacin da gajimaren ke wucewa, can ta zube da yawa, inda kuwa sama ta yi garau sai kaɗan ta taɓa. Shi ya sa yankin Gävle a Suwidin da kudancin jihar Bavariya a Jamus suka fi wasu wuraren da ke kusa da Cernobil shan wahala, kuma za ka iya samun kwari ɗaya ya gurɓata alhali na bayan tsaunin lafiya lau. An ƙiyasta cewa faɗin ƙasar Turai da ta samu gurɓata mai yawan da za a sa a taswira ya haura murabba'in kilomita 200,000, mafi yawansa a Belarus da Rasha da Yukiren. Saboda haka nisa kaɗai ba ya gaya maka halin da daji ke ciki, sai an san inda ruwa ya sauka a waɗancan ranaku.

Abubuwan da suka fito daga tukunyar suna da yawa, kuma kowanne da tsawon ransa. Duk sinadarin da ke fitar da tururin nukiliya, wato wani haske marar ganuwa da ke ratsa jiki, yana da wa'adin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Na aidin-131, wanda ya shiga madara ya jawo sankarar maƙoshi ga dubban yara a yankunan da ke kewaye da Cernobil, kwana 8 ne, don haka cikin 'yan watanni ya ƙare. Siziyom-134 shekara 2 ne, shi ma yanzu kusan babu shi. Wanda ya rage a dazuzzukan nesa shi ne siziyom-137, mai wa'adin kimanin shekara 30. Ke nan a 2016 rabinsa ya tafi, a 2046 kashi ɗaya cikin huɗu ne zai rage, kuma sai an yi kusan shekara 300 kafin ya koma kashi ɗaya cikin dubu. Babu wanki ko tafasawa ko ƙonawa da ke gaggauta wannan lissafi. Akwai kuma sitirontiyom-90, mai wa'adin kusan shekara 29, amma mafi yawansa a kusa da tashar ya faɗi saboda yana manne da ƙura mai nauyi.

To me ya sa fayin musamman? Dalili na farko siffarta ce. Ganyenta siraran allurai ne dubbai, masu ɗan danƙo, kuma ba ta kaɗe su da sanyi. A ƙarshen Afrilu, lokacin da abin ya faru, bishiyoyi masu faɗin ganye a arewacin Turai ba su gama tohowa ba, rassansu kusan a tsirara suke, ita kuwa fayin tana tsaye da cikakkiyar rumfarta. Binciken da aka yi bayan hatsarin ya nuna cewa rumfar daji ta tare tsakanin kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ya sauko a farko. Ƙurar ta lafe a allurai da ɓawo, wani ɓangaren siziyom kuma ya ratsa fatar ganyen ya shiga cikin ruwan jikin bishiyar kai tsaye, tun kafin saiwa ta taɓa shi.

A nan akwai abu biyu da mutane ke cakuɗawa, kuma rabin tsoron daga nan yake tasowa. Akwai bishiyar da tururin ya doke ta, akwai kuma wadda burbushin ya zauna a jikinta. Wanda ya zauna kusa da wuta ya ji zafi, ko ma ya ƙone, in ya tashi ba ya tafiya gida da wutar, amma wanda toka ta zuba wa a riga zai kai ta har ɗaki. Tururin da siziyom ke fitarwa ba ya mayar da katako ya zama mai fitar da tururi shi ma. Abin da ake aunawa a jikin itace shi ne yawan burbushin da ya shiga ya zauna.

Dukan tururi kuwa a kusa da tashar aka gan shi. Dajin fayin da ke yamma da ita, ɗaruruwan hekta, ya mutu cikin makonni, allurai suka koma ja, shi ne ake kira Jan Daji. Ma'aikata suka ture bishiyoyin da katafila suka binne a ramuka suka rufe da yashi. Bishiyoyi masu faɗin ganye da ke wurin da yawa sun tsira, daga baya ma su ne suka mamaye filin. Masana ba su yi mamaki ba, domin an riga an ga irin haka. A 1957 hatsarin Kishtim a yankin Ural na Rasha ya kashe fayin ya bar sauran. A 1961 kuma, a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka, masani George Woodwell ya kafa tushen siziyom-137 a tsakiyar daji da gangan don a ga abin da zai faru, fayin ce ta fara mutuwa, ciyayi da ƙananan tsirrai suka fi jurewa. Dalilin yana cikin ƙwayoyin halittarta. Kundin gadon halittar fayin ya ninka na ɗan Adam kusan sau bakwai, kuma duk yadda abu ya fi girma, haka tururi ya fi saurin samunsa ya lalata. Waɗanda ba su mutu ba a kewayen Jan Daji sun fito da nakasa, tsiron tsakiya da ke jan bishiya sama ya daina girma, rassa suka yi cunkus, allurai wasu suka yi tsawo fiye da kima wasu suka gajarce. An sake ganin irin wannan nakasa a ƙananan bishiyoyi dangin fayin kusa da tashar Fukushima ta Jafan bayan hatsarin Maris 2011.

Duk wannan labarin 'yan kilomitoci ne daga tasha. A Suwidin ko Jamus ko Finlan tururin bai kai ko kusa da yawan da zai kashe bishiya ba. Bishiyoyin suna nan kore shar, suna girma yadda suka saba, kuma da ido babu mai iya bambanta wadda ke da siziyom da wadda ba ta da shi.

Abin da ya fi ɗaure wa masana kai, kuma a ganina shi ne zuciyar tambayarka, shi ne yadda daji ya ƙi sakin abin da ya kama. A cikin shekara ɗaya zuwa biyu ruwan sama ya wanke mafi yawan ƙurar daga rumfa, tsofaffin allurai suka zube, siziyom ya koma ƙasa. An yi zaton daga nan zai nutse ya ɓace, domin a gonaki kusan haka aka gani. A gona ana yin huɗa, ƙasar sama ta gauraya da ta ƙasa, yumɓu kuma yana da wasu 'yan kafofi da ke kama siziyom su riƙe gam ta yadda saiwa ba ta iya ƙwatarsa, sannan ana zuba takin zamani mai fotashiyam. Shi ya sa gurɓatar hatsi da madara a yawancin Turai ta ragu da sauri.

Dajin fayin bai da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Babu mai huɗarsa. Fayin ta fi son ƙasa mai rairayi da tsami, marar yumɓu, wadda fotashiyam ya yi wa ƙaranci. A samanta akwai shimfiɗar ruɓaɓɓun allurai mai kaurin 'yan santimita, wadda a ƙasar sanyi ke daɗewa ba ta gama ruɓewa ba. Shi kuwa siziyom, a ɗabi'arsa ta sinadari ɗan gida ɗaya ne da fotashiyam, abincin da kowace bishiya ke nema. Saiwa ba ta iya rarrabe su sosai, kuma in tana jin yunwar fotashiyam sai ta ƙara zuƙar duk abin da ya yi kama da shi. Siziyom ya hau zuwa sabbin allurai, bayan 'yan shekaru allurai su zube, su ruɓe, saiwa ta sake ɗauka. Haka yake ta zagaye tsakanin ƙasa da rumfa, shekara da shekaru, yana nutsewa ƙasa da tafiyar da ba ta wuce 'yan milimita a shekara ba a wurare da yawa. Har yau mafi yawansa yana cikin santimita 10 zuwa 20 na saman ƙasa, daidai inda ƙananan saiwoyi suka fi yawa.

Akwai kuma abokin tafiyar da ba a gani. Saiwar fayin tana rayuwa ne a naɗe da zaren funfunar ƙasa, wato uwar lemar kwaɗi, wadda ke yaɗuwa cikin ruɓaɓɓen ganye tana tattaro wa bishiya ruwa da ma'adinai, bishiya kuma tana biyanta da sukari. Wannan zare yana tsotse siziyom fiye da saiwar kanta, ya adana shi a jikinsa, ya hana ruwa wanke shi zuwa ƙasa. Don haka abin da ke ciyar da dajin shi ne kuma ke tsare gubar a cikinsa.

A cikin bishiyar ba a raba siziyom daidai ba. Yana bin inda rai da girma suke, wato sabon toho, ƙananan allurai, ɓawon ciki mai ɗanye, da siraran saiwoyi. Ɓawon waje na tsofaffin bishiyoyi ya riƙe ƙurar farko na tsawon lokaci. Gangar itacen, inda ake yanko katako, yawancinta matattun ƙwayoyi ne, kuma ita ce ƙarshe a jerin. Ga wani abu da zai ba ka sha'awa a matsayinka na mai duba zoben itace kullum. Da siziyom yana zama inda ya shiga, da sai a same shi a zoben 1986 zuwa sama kawai. Amma ana samunsa har a zoben shekarun da suka gabaci hatsarin, domin yana bin jijiyoyin da suka ratsa daga ɓawo zuwa tsakiya. Saboda haka feƙe zoben waje ba ya raba katako da shi gaba ɗaya, amma cire ɓawo yana rage kaso mai tsoka, kuma injin yankan katako da cire ɓawo yake farawa.

Ma'aunin da ake amfani da shi wajen auna yawan burbushin shi ne bekarel, wato fashewar ƙwayar zarra ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Lambobinsa suna da girma a ido, shi ya sa suke tsorata mutane. Jikin babban mutum, ni da kai, yana ɗauke da kimanin bekarel 4,000 na fotashiyam-40 wanda haka Allah ya halicci duniya da shi, ba hatsari ne ya kawo shi ba. Matsakaicin tururin da mutum ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama da abinci a shekara kimanin milisibat 2.4 ne (milisibat ma'aunin yawan tururin da jiki ya sha ne). Kafin siziyom-137 ya ƙara wa babban mutum milisibat 1 ta hanyar ci, sai ya haɗiye kusan bekarel 80,000. In ya shiga jiki kuma ba ya dawwama, rabinsa na fita cikin kimanin kwana 100.

Da wannan ma'auni za ka gane dalilin da hukumomin Turai suka fi damuwa da abin da ake ci daga daji fiye da katako. Wasu nau'o'in lemar kwaɗi da ake ci a kudancin Jamus har yanzu sukan haura iyakar bekarel 600 a kilo da Tarayyar Turai ta sa wa abincin sayarwa. Aladen daji a Bavariya suna tono wata funfuna da ke girma a ƙarƙashin ƙasa suna ci, kuma dole mafarauci a yankunan da abin ya shafa ya kai nama a auna kafin ya sayar. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne al'ummar Sami na arewacin Suwidin da Norwe, masu kiwon barewar ƙanƙara. Dabbobinsu suna cin wani gansakuka da ke kan ƙasa da rassan bishiyoyi, wanda ba shi da saiwa, daga iska da ruwan sama yake samun abincinsa, don haka ya sha burbushin sosai. A shekarar farko mafi yawan naman barewar da aka yanka a Suwidin an hana cinsa, har sai da a 1987 aka ɗaga iyakar naman barewa da na daji daga bekarel 300 zuwa 1,500 a kilo. Mutanen da ba su san komai game da tashar ba, sana'ar kaka da kakanni ta girgiza a kaka ɗaya. A Birtaniya ma takunkumin da aka sa wa tumakin kan tsaunuka sai a 2012 aka ɗage na ƙarshe.

Wani abin lura shi ne ba duka siziyom ɗin dazuzzukan nan ne na Cernobil ba. Daga 1945 zuwa 1980 manyan ƙasashe sun gwada makaman nukiliya fiye da 500 a sararin sama, burbushinsu ya sauka a duk duniya, ya fi yawa a 1963. Wani bincike da aka wallafa a 2023 kan naman aladen dajin Bavariya ya gano cewa tsakanin kashi 10 zuwa 68 cikin ɗari na siziyom ɗin da ke jikinsu daga waɗancan gwaje-gwaje ne na shekaru sittin da suka wuce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin riƙon da ƙasar daji ke da shi.

Mu dawo kan katakonka. Ba a cin katako, kuma ɗan siziyom ɗin da ke cikin katakon dazuzzukan nesa yana fitar da tururin da bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da wanda ke fitowa daga bangon siminti ko dutsen da ke ƙarƙashin gida. Gado, tebur, ƙofa, rufin ɗaki, duk babu matsala. Garin katako kuwa, ka riƙa rufe hanci a kansa, amma don shi kansa yana cutar da huhu da hanci ne ko daga wane daji ya fito. Inda maganar ta bambanta shi ne itacen da aka saro daga yankunan da suka gurɓata sosai a Yukiren da Belarus da yammacin Rasha. Ƙasashen nan sun raba dazuzzukansu kashi-kashi, akwai inda aka hana sara kwata-kwata, akwai inda sai an auna, kuma iyakar ta danganta da aikin da za a yi da itacen. An sha samun rahotannin masu sara ta bayan fage a wuraren da aka hana, don haka takardar asalin katako tana da amfani, kuma ba laifi ba ne ka tambayi dilanka daga wace ƙasa kayan suka fito.

Akwai labarin da ke nuna yadda tsoro ke wuce gona da iri in babu sani. Igiyar ruwan tsunami ta 2011 ta tumɓuke dajin fayin na bakin teku a garin Rikuzentakata na Jafan, mai bishiyoyi kusan 70,000, nisan kimanin kilomita 200 daga tashar Fukushima. Mutanen garin suka rubuta sunayen mamatansu da addu'o'i a kan guntayen itacen don a ƙone su a bikin wutar tsauni da ake yi a Kyoto duk watan Agusta. An auna guntayen, ba a sami komai ba, domin an riga an cire ɓawonsu, amma duk da haka masu shirya bikin suka ƙi karɓa saboda ƙorafin jama'a. Da suka sha suka, sai aka aiko da wasu guntayen masu ɓawo, a wannan karon aka sami siziyom a ɓawon, aka sake fasawa. Ƙin karɓar na farko zalunci ne ga mutanen da ke cikin makoki, kuma babu hujjar kimiyya a bayansa. Na biyun kuwa ya tabbatar da abin da muka faɗa, cewa a shekarar farko gubar a fatar bishiya take.

Yanzu ga toka. Wuta tana cinye itace amma ba ta cinye siziyom. Busasshen itacen fayin in ya ƙone, tokar da ke ragewa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, kuma mafi yawan siziyom ɗin yana taruwa ne a cikin wannan 'yar toka da baƙin da ke manne wa bututun hayaƙi. A ɗauka itace yana da bekarel 50 a kilo, adadin da ba ya damun kowa, tokarsa na iya kaiwa dubbai a kilo. Ita kuma toka tana tashi a shaƙe ta, kuma mutane na zuba ta a lambu a matsayin taki, siziyom ya koma cikin kayan lambu ta ƙofar da fotashiyam ke bi. Wannan ne ya sa Suwidin, inda ake ƙona itace da yawa don ɗumama gidaje, ta hana mayar da tokar da ta haura bekarel 10,000 a kilo cikin daji, sai dai a kai ta wurin binnewa na musamman. Jafan ta sa iyakar bekarel 40 a kilo ga itacen girki da 280 ga gawayi, ƙasa sosai da yadda mutum zai zata, saboda lissafin tokar ne aka yi. A 2009 hukumomin Italiya sun ƙwace kusan tan 10,000 na dunƙulen garin katako na hura wuta da aka shigo da su daga Lituwaniya bayan an sami siziyom-137 a ciki. A ƙauyukan gundumar Ivankiv da ke kudu da Cernobil kuma, bincike ya sami sitirontiyom-90 fiye da iyaka a yawancin itacen girkin da aka auna, ga shi mutane na zuba tokar a gonakinsu.

Gobarar daji ma haka take, sai dai a babban mataki. A Afrilun 2020 wuta ta ci dubban hekta a yankin da aka killace na Cernobil, hayaƙin ya sake ɗaga wani ɓangaren siziyom, na'urori a wasu ƙasashen Turai suka gano alamarsa, amma da ƙarancin da bai shafi lafiyar kowa a can ba. Masu kashe gobarar da ke cikin hayaƙin su ne ke cikin haɗarin gaske, kuma su ne suka cancanci kayan kariya da kulawar likita.

Shawarata gare ka ita ce, ci gaba da aikinka da kwanciyar hankali. Guntayen da ba ka san asalinsu ba, musamman masu ɓawo, kada ka gasa abinci kai tsaye a kan garwashinsu, kada ka zuba tokarsu inda ake shuka abin ci, ka yayyafa mata ruwa kafin ka kwashe don kada ta tashi. Wannan zai kare ka har daga wani haɗarin da ya fi kusa da kai, domin katakon da ake fitarwa ƙasashen waje sau da yawa an jiƙa shi da maganin gara da ruɓewa, kuma hayaƙinsa da tokarsa guba ne ko babu batun nukiliya.

In kuma kana da dalilin zargin wani kaya na musamman, kada ka dogara da ƙaramar na'urar hannu mai ƙara da ake tallatawa a intanet. Tana jin tururin da ke kewaye gaba ɗaya, na ƙasa da na bango da na sama, kuma ɗan abin da ke cikin katako yana ɓacewa a cikinsu, ba ta kuma iya gaya maka wane sinadari ne. Awon gaskiya a ɗakin gwaji ake yinsa. Ana niƙa samfurin itacen ko a ɗebi tokarsa, a sa a cikin akwatin darma mai kauri da ke tare tururin waje, na'ura ta yi sa'o'i tana ƙirgawa, siziyom-137 kuma yana da alamarsa ta daban da ba ta ɓuya. Sitirontiyom-90 shi sai an narkar da samfurin an ware shi da sinadarai, aikin da ke ɗaukar kwanaki. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasarka ko sashen kimiyyar fiziks na babbar jami'a za su iya yi maka wannan awo, kuma in za ka kai samfuri, ka haɗa da tokar, domin a cikinta abin ya fi saurin bayyana.